Muryar da Mai Taɓin Hankali Ke Ji, Ta Wa Ce?

A 1924, a garin Jena na ƙasar Jamus, likita Hans Berger ya fara zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a kan takarda. Neman ruhi ne ya kai shi. Yana soja ya taɓa faɗowa daga doki har ya kusa halaka, a ranar kuma hankalin yayarsa da ke nesa ya tashi, ta sa aka aika masa saƙon tangaraho. Berger ya ƙare rayuwarsa yana neman abin da ke kai labari daga zuciya zuwa zuciya. Bai samu ba, amma ya bar wa duniya na'urar EEG, mai awon lantarkin ƙwaƙwalwa.

A 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan suka nuna a hoto cewa ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a masu ciwon sikizofireniya, taɓin hankalin da masu shi kan ji muryoyi. Daga baya aka haɗa awon biyu, na lantarki da na hoto. Akwai wata igiyar lantarki, P300, da ke tashi kusan sulusin daƙiƙa bayan kunne ya ji sautin da bai zata ba. A 1993 Robert McCarley na Jami'ar Harvard ya gano cewa raunin wannan igiya a masu ciwon yana tafiya da ƙanƙancewar wani sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai kunnen hagu, inda ake sarrafa ji da magana.

Binciken Judith Ford a Amurka ya fi taɓa zuciya. Idan mai lafiya yana magana, ƙwaƙwalwarsa kan rage wa sashen ji ƙarfi, tamkar ta sanar da shi cewa muryar ta gida ce. A wurin marasa lafiya da yawa wannan sanarwa ta yi rauni. Masana na ganin ta nan ne zancen zucin mutum ke zuwa masa kamar muryar baƙo.

To shin na'ura ta kori ruhi ke nan? Mai faɗin haka ya yi gaggawa. Awon ya nuna yadda gaɓa ke aiki, bai faɗi dalilin da ya sa akwai wani mai ji da tsoro a bayan lantarkin ba. Bambancin da aka gani tsakanin masu lafiya da marasa lafiya ma na jimillar mutane ne: har yau likita ba ya tabbatar da wannan ciwo da hoto ko EEG, sai ya zauna ya saurari mara lafiya da danginsa.

Malaman fiƙihu tun tuni suka sanya hankali sharaɗin ɗora wa mutum hukunci, wanda ya rasa shi babu alhaki a kansa. Awon zamani ya ƙara wa wannan rangwame hujja, domin ya nuna muryar ba ƙarya ba ce, ba kuma raunin imani ba.

Shi ya sa mari da bulala da sunan fitar da aljanu ba su da madafa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Najeriya, a gidajen addini na Musulmi da Kirista, har da cibiyoyin gwamnati. Iyalin da ke tofa wa ɗansu addu'a ba su saɓa wa komai ba idan suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, inda za a duba shi a ba shi magani.