Inji Ya Iya Zane: Ina Makomar Mai Zanen Hannu?



Akwai wata tambaya da ke damun matasa da yawa a ikkilisiyoyinmu, musamman waɗanda ke cin abinci da zane: masu tsara katin gayyatar aure, masu rubuta allon shago, masu zana bangon littafi da kalanda. Ba su da albashi, ba su da ubangida. Abin da hannunsu ya yi yau shi ne tuwon gobe. Tun shekarar 2022, sa'ad da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da DALL-E suka bazu, mutum yakan rubuta 'yan kalmomi a waya, kafin ya ajiye ta hoto ya fito. To, wannan sana'a za ta ci gaba da ciyar da mai ita? Mu kuma da muke ba da aikin, muna da alhaki a ciki?

Domin neman amsa, bari mu shiga cikin birnin Kano, mu tsaya a unguwar Kabara, kusa da gidan Sarki. Unguwa ce ta maƙwabtanmu Musulmi, ta malamai da littattafai. Nan ne Gidan Ƙadiriyya, inda Shehu Nasiru Kabara ya koyar har rasuwarsa a 1996. A unguwannin malamai irin wannan, shekaru aru-aru ta hannun marubuci ake samun littafi. Shi zai feƙe alƙalamin kara, ya haɗa tawadarsa, ya zauna wata da watanni yana kwafa, a biya shi ladan aikinsa. Akwai kuma mai zayyana, wanda ke ƙawata allon ɗalibin da ya yi sauka. Su ma masu zaman kansu ne, kamar matasanmu na yau.

Da injin ɗab'i ya zo, sai aka ga kamar tasu ta ƙare, gama abin da marubuci zai yi cikin watanni, inji yana fitar da ɗaruruwansa cikin kwanaki. Lalle da yawa sun rasa aiki, kada mu ɓoye wannan. Amma masu karatu sun saba da rubutun ƙasarsu, idonsu bai kwanta da baƙin haruffa ba. Saboda haka masu ɗab'i suka koma wurin gwanayen marubuta, suka ɗauki hoton rubutun hannunsu suka buga. Ta haka Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta da hannunsa ya shiga makarantun allo nesa da kusa. Haka kuma keken ɗinki bai kashe hular hannu ba; har yau ta fi ta inji tsada, gama araha ba ta ado.

Sai dai kada mu yi saurin kwantar da hankalinmu da wannan misali, domin akwai bambanci biyu. Na fari, injin ɗab'i ya nemi marubucin, an san sunansa, an san hannunsa. Sabbin manhajojin nan kuwa sun koyi zane ne daga miliyoyin hotunan da aka kwaso daga intanet, yawancinsu ba a nemi izinin masu su ba, ba a kuma biya su ba. Wannan ne ya sa wasu masu zane a Amurka suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney kotu a watan Janairu na 2023. Wanda ya girbe gonar da wani ya nome, ko da kotu ba ta kama shi ba, lamiri yana da magana da shi.

Na biyu ya fi tsanani. Ƙananan ayyukan da inji ya fara cinyewa, watau katin suna, sanarwar taro, tambarin ƙaramin shago, su ne makarantar mai koyo. Babu gwanin da ya faɗo daga sama. Kowane babban marubuci ya fara ne da rubutun da ya karkace. Yaron da ke zaune a shagon mai zane yana koyo ne da aikin da ake biyan kuɗi kaɗan a kansa, da shi kuma yake sayen abincin rana. In wannan tsani ya karye, nan da shekara ashirin daga ina gwanaye za su fito?

Duk da haka akwai abin da inji ba shi da shi. Bai san mu ba. Sau da yawa yakan ɓata haruffanmu masu lanƙwasa, ya kuma sa wa Bakano kayan wata ƙasa. Ba ya zama da gwauruwa ya ji wane hoton marigayin take so a sa a takardar jana'iza, ba ya kuma jin kunya in aikin ya ɓaci. Mai zane yana sayar da ido, da sanin mutane, da amana. Hoton ɗaya ne kawai daga cikin abin da ake biya.

Ikkilisiya ta daɗe tana magana a kan ma'aikaci da inji. Paparoma Leo na 13 ya rubuta Rerum Novarum a 1891 domin kare haƙƙin ma'aikata a zamanin masana'antu. Paparoma Yohanna Bulus na 2, cikin Laborem Exercens ta 1981, ya koyar cewa darajar aiki tana fitowa ne daga mutumin da ke yinsa, kayan aiki kuwa bayinsa ne. A Janairun 2025 Fadar Batikan ta fitar da Antiqua et Nova a kan ƙirƙirarriyar basira, tana tunatar da mu cewa alhakin abin da aka yi da inji yana wuyan mutum.

Saboda haka, kai mai zane, kada ka zauna kana kuka. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka koyi sabon kayan aikin, ka mai da shi bawanka, amma ka faɗa wa mai aiki gaskiya in inji ne ya yi rabin aikin, kada kuma ka sa shi ya kwaikwayi hannun ɗan'uwanka ka karɓi kuɗi.

Mu kuma masu ba da aiki, kwamitin bikin godiya, Zumuntar Mata, ƙungiyar mawaƙa da iyayen amare, mu binciki kanmu. Iyalin da ba shi da hali, in ya yi katinsa da waya, bai yi zunubi ba. Amma wanda ya karɓi samfuri daga hannun mai zane, ya ce zai yi shawara, sa'an nan ya ba inji ya kwafa, ya ci haƙƙin ɗan'uwansa. Haka ma wanda ke da kuɗin sa da shinkafar biki, amma yana tsoratar da mai zane da sunan inji domin ya karya masa farashi.

Sana'ar za ta rayu, ko da yake ƙofarta ta ƙara matsewa. Marubutan Kano sun tsira ne domin masu karatu sun nemi hannunsu, sun kuma biya. Abin da za mu yi ke nan da matasanmu, tun daga kalandar ikkilisiya ta shekara mai zuwa.

Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu, Yusufu Mai Tsarki, masassaƙin Nazarat, ya yi roƙo dominmu. Amin.