Gidan da kawu ya bar wa lakwal

Ran sadakar bakwai ɗin kawuna, a Maradi, liman ya zaro wata takarda daga aljihu ya karanta gaban dangi. Marigayin ya yi wasiyya: gidansa na bakin titi, mai shaguna a gaba, ya bar wa makarantar kuɗi da ƴaƴansa suka yi karatu. Wuri ya yi tsit. Da dare babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce: «Ɗan uwa, ka ji fa. Baba ya cire daga bakinmu ya zuba wa ƴaƴan masu kuɗi.» A daren nan ni ma gefensa nake.

Maganar halacci ba ta ɗauki lokaci ba. Shari'a ta yarje wa mutum ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magajinsa ba, abin da ya haura sai da yardar magada. An ƙiyasta gidan, bai kai sulusi ba. Amma hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da aka ɗauko hukuncin daga gare shi, shi ne dai ya nuna sulusin ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Ke nan an buɗe ƙofa, ba a ce kowa ya ruga a guje ba. Kawu ya bar mata biyu da yara ƙanana, kuɗin hayar shagunan nan kuwa da shi ake cefane.

Ba na cikin masu cewa bai wa makaranta dukiya ɓarna ce. Fatima al-Fihri da gadon mahaifinta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a 859, har yau ana karatu a wurin. John Harvard ya rasu a 1638, ya bar wa wata ƙaramar makaranta rabin dukiyarsa da littattafansa, ga sunansa nan duniya ta sani. Abin da ya dame ni daban ne: makarantar kuɗi a nan tana da mai ita. Mutum ne mai iyali, mai bashi, wata rana shi ma zai mutu a raba abin da ya bari. In ka ce «na bai wa lakwal» ka yi shiru, to wa ka bai wa? Ɗalibai, ko magadan wani? Mu da muka zauna a benci mun san yadda ake kiran sunayen waɗanda ba su biya ba, a fidda su aji ana kallo. In kyautar ba ta hana a kori ko yaro ɗaya ba, bango kawai ta ƙara wa tsawo.

Sai da na karanta takardar da idona na ga kawu ya riga ni tunanin. Waƙafi ya yi: ba a saida gidan, ba a gadonsa, hayar kuma a biya wa marayu kuɗin karatu da ita. Nan na sauko daga fushina, ko da yake ban sauko duka ba.

Don sharaɗi ma yana da nasa haɗari. Stephen Girard, attajirin Filadalfiya a Amurka, ya mutu a 1831 ya bar dukiya mai yawa don makarantar marayu, amma ya rubuta sai maza, sai farar fata. Sai a 1968, bayan zanga-zanga da shari'a, yara baƙaƙe suka samu shiga. Sama da shekara 130 mamaci na tsaye bakin ƙofa yana zaɓen wanda zai wuce. Mamaci ba a komawa a tambaye shi me yake nufi, ba ya ganin yadda zamani ya juya. Shi ya sa a ganina mai wasiyya ya faɗi buƙatar da yake son a toshe, ya bar wa masu rai zaɓen fuskoki. Kawu ya ce «marayu», bai ce na wace unguwa ko wane dangi ba. Wannan kam na yaba masa.

Inda ban yaba ba shi ne ɓoyewar. Shekaru yana da wannan niyya, liman ya sani, shaidu biyu sun sani, matan da za su ɗauki nauyin rashin ba su sani ba. Da ya zaunar da su yana raye, da an yi gardamar da shi, ya kare kansa ko ya rage. Ya zaɓi a yi ta lokacin da babu mai iya ba shi amsa. Allah ya jiƙansa, amma ni ina ganin tsoro a ciki, ba tawali'u kaɗai ba.

Ga kuma abin da takardar ba ta hango ba. Autan kawu yana aji uku a wannan makarantar, kuma tun ran da aka kai mahaifinsa shi ma maraya ne. Uwarsa ta je ta tambaya ko za a sa shi cikin waɗanda hayar za ta biya wa. Darakta ya ce shi dai ya ga yaron ya cika sharaɗi. Wani cikin shaidun ya ce a'a, magaji ne, ba a wasiyya ga magaji. An kai maganar gun liman, ya ce a ba shi lokaci ya duba littattafai. Saura sati biyu a koma lakwal.