Bashin Waɗanda Ba a Haifa Ba

Karatu: Yohanna 4:35-38

A ƙauyenmu kusa da Ɗambatta babu kurmi, gona ce ke bin gona. Dajinmu na yara shi ne itatuwan cikin gonaki: kuka, ɗorawa, tsamiya da gawo. Nan muke wasan ɓuya, mu koma gida baki duk garin ɗorawa.

Wata damina muna noma, na ɗaga fartanya zan sare wani ɗan gawo. Baba ya riƙe hannuna. Na ce, "Baba, yaushe wannan zai yi inuwa?" Ya nuna tsamiyar da muke hawa, ya ce, "Wanda ya bar waccan bai sha kununta ba."

Ɗan'uwa, wanda ba a haifa ba yana binka bashi? Bai roƙe ka ba, ga kuma buƙatar yau ta sha maka kai. Amma kai ma inuwar wasu ka tarar. Bisharar da ta cece ka, wasu ne suka sha wahalarta. Ba ka da hanyar biyansu, sai dai ka biya na bayanka.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe hannuna kada in sare rabon jikokina, cikin sunan Yesu. Amin.