Kifin Gwangwani da Amanar Jiki

Malaman Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa dabbar teku halal ce, ba ta bukatar yanka, saboda haka ɗan kifin sadin da ake kamowa a gaɓar Maroko, a rufe shi a gwangwani, har ya iso kantunanmu, babu shubuha a cinsa. Amma mas'alar da ta fi nauyi ita ce, shin halaccin abinci kaɗai ya wadatar da mumini, ko kuwa wajibi ne ya duba abin da zai yi wa jikin da aka ba shi amana?

A ganina wajibi ne, domin kiyaye rai yana cikin manufofin shari'a guda 5. Wannan kifi, duk da rainin da masu hali suke yi masa, Allah Ya hore masa mai wanda likitoci suke yaba fa'idarsa ga zuciya, ƙayarsa kuwa, wadda dahuwa ta tausasa har ana taune ta, tana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Zubar da ita, wallahi, ya kusanci almubazzaranci. Sai dai mai hawan jini ya kula da gishirin cikin gwangwanin, ya rage na miya a ranar da ya ci.