Gurgu a Teburin Sarki

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13

Maganarmu ta wannan mako tana da nauyi. Ta shafi ranar da likita zai dubi hoton ƙashi, ya yi shiru, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce ƙafar nan sai an yanke ta. Waɗansunku sun riga sun ji wannan magana da kunnensu. Waɗansu kuma suna jinyar wanda aka faɗa wa, ya ce shi kam gara ya mutu da ƙafarsa.

Bari mu fara daga ƙasar Sudan, inda wannan shawara take gaban gidaje da yawa. A bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da garin Sinnar, akwai wani gari mai suna Mai Wurno. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa shi tare da mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu Hausawa kuma hanyar Makka ce ta kai su, da ƙafa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai da yawa suka tsaya neman guzuri, tsayawar kuwa ta zama zama. Jikokinsu suna nan a ƙauyukan Jazira da Sinnar har zuwa Damazin, suna noman dawa da gyaɗa, suna kamun kifi, suna Hausa a gidajensu. Galibinsu Musulmi ne. Harshenmu ɗaya da su, kuma ciwon da za mu ambata ba ya tambayar addinin kowa.

Mutanen can suna kiransa nabit, ko madura. Likitoci suna cewa maisetoma. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa, ƙaya ce takan buɗe mata ƙofa. Manomi ko makiyayi ya taka ƙaya ba takalmi, ya cire ta, ya ci gaba da aikinsa. Bayan watanni sai wani ɗan ƙullutu ya fito a ƙafa. Ba ya zafi. Shekara ta wuce, ta biyu ta wuce, ƙafar tana kumbura a hankali, ta fara yin ramuka suna fitar da mugunya da waɗansu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar tsaba. A ƙarshe cutar ta kai ga ƙashi ta cinye shi. Ana samunta kuma a Nijar da Cadi da Senigal da arewacin Nijeriya, saboda haka kada wani ya ce labarin nesa ne.

A 1991 wani likitan fiɗa, Farfesa Ahmad Hassan Fahal, ya kafa cibiyar binciken wannan cuta a asibitin Soba na Jami'ar Khartum. Daga 1991 zuwa 2014 cibiyar ta rubuta majinyata 6,792. Kashi 64 cikin ɗari ba su kai shekara 30 ba, kashi 76 cikin ɗari kuma a ƙafa ciwon ya kama su. Ku lura, matasa ne, masu ƙarfin riƙe garma. Sai a 2016 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Akwai magani. Irin da bakteriya ke kawowa yakan warke da ƙwayoyi da allura. Irin da ya fi yawa a Sudan, mai baƙin tsaba, dangin fumfuna ne ke kawo shi, yana kuma da taurin kai: ana shan maganin itraconazole wajen shekara guda, a yi fiɗa a cire ƙullutun a tsakiyar jinyar. Wanda ya zo da wuri yakan koma gida da ƙafarsa. Wanda ya makara, shi ne ake ce wa sai an yanke.

Me ya sa ake makara? Da fari, abin ba ya zafi, ga shuka ba ta jira, ga girbi ba ya jira. Ga kuɗin mota, ga tsadar magani. Sai a fara zuwa wurin wanzami ko mai maganin gargajiya, a tsaga, a ƙona da ƙarfe, a ɗaure da ganye. Amma akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, sai ya ce asibiti wurin yanke ƙafa ne, ya ja wandonsa ya rufe kumburin. Bai tuna cewa maƙwabcin ya yi shekaru yana ɓoyewa kafin ya tafi ba. Da haka tsoron wuƙa yake kai mutum ga wuƙa.

Mu Kirista kuma muna da tamu hanyar jinkiri, muna sa mata sunan bangaskiya. Akan kawo labarin sarki Asa a 2 Tarihi 16:12, wanda ya yi ciwon ƙafa ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba, a ce ai ga shi, zuwa wurin likita rashin bangaskiya ne. Ɗan'uwa, karanta surar daga farkonta. Laifin Asa ya daɗe kafin ciwon ƙafarsa. Ya dogara ga sarkin Suriya, ya kulle annabin da ya tsauta masa, zuciyarsa ta riga ta juya. Barin Ubangiji shi ne zunubinsa. Sa'ad da Hezekiya ya yi rashin lafiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji shi, amma annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani suka shiga ɗaki ɗaya, ba su yi faɗa ba. Duk mai wa'azin da zai ce wa mai kumburin ƙafa ya yi azumi kawai ya bar asibiti, ya sani zai ba da lissafi a kan wannan ƙafa.

To, idan an riga an makara fa? A nan zan kawo misalin da zai ba waɗansunku dariya, amma ku yi haƙuri ku ji. A Amurka da Ingila, inda kare yake kwana cikin ɗaki kamar ɗan gida, manyan karnuka sukan kamu da sankarar ƙashi, yawanci a ƙafa. Ciwo ne mai tsananin zafi, ƙashin yakan ruɓe har ya karye da kansa. Likitan dabbobi yakan zaunar da mai karen ya gaya masa gaskiya: a mafi yawan lokaci, kafin a gane cutar ta riga ta aika 'ya'yanta zuwa huhu. Idan an yanke ƙafar kawai, karen yakan ƙara kamar wata 4 zuwa 5. Idan an haɗa da maganin sankara, yakan kai kusan shekara. Yankewar ba ta warkar da shi, zafin take cirewa. Wani mai kare yakan yarda. Wani yakan ga karensa ya tsufa, ya zaɓi maganin rage zafi har ranar rabuwa. A ƙauyukanmu, inda kare na farauta ne da gadi, ba mai wannan kuɗi, kuma ban ce a kashe wa kare abin da yaro yake bukata ba. Amma Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin halin adali, saboda haka kada mu raina hawayen mutanen nan.

Daga wurinsu za mu koyi yin tambaya. Yankewa iri-iri ce. Akwai wadda take ba mutum shekaru masu yawa, kamar ta mai nabit wanda ƙashinsa ya lalace, ko mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta ruɓe. Akwai wadda sauƙin zafi kawai take kawowa. Ka tambayi likita a fili: idan an yanke, me zan samu? Idan ba a yanke ba, me zai faru, cikin wane lokaci? A ina za a yanke, ƙasan gwiwa ko samanta? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, gama wanda aka bar masa gwiwarsa ya fi saurin koyon tafiya da ƙafar roba, jinkiri kuwa yakan sa wurin yankan ya hau sama. In akwai hali, ka ji ta bakin likita na biyu, amma kada neman na biyu da na uku ya zama wata hanyar gudu. Shawarar ƙarshe ta mai ƙafar ce. Fasto da dattawan ikkilisiya su zauna da shi, su yi addu'a, su raka shi, kada su yanke masa hukunci ko ta wane gefe.

Akwai kuma abin da likitocin dabbobi suka sha lura da shi. Bayan 'yan kwanaki karen yakan miƙe a kan ƙafa uku, bayan 'yan makonni yana gudu. Mai karen ne yakan sha wahalar kallo. Karen ba ya tunanin wa ke dubansa. Mu kuwa, abin da ke hana mu barci shi ne bakin mutane. Wa zai ba ni 'yarsa? Mijina zai ƙara dubana? Za a daina kiran sunana, a koma cewa gurgun nan? Kunya ta fi wuƙa ciwo.

Mefiboshet ya san wannan kunya. Yana ɗan shekara 5 labari ya zo daga Yezreyel cewa kakansa Saul da ubansa Jonatan sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace. Ba laifinsa ba ne, ba kuma muguntar matar ba ce, ceton ransa take nema. Jikan sarki ya girma a Lodebar, a gidan wani mutum mai suna Makir, yana cin abincin alheri. Shekaru suka wuce. Da Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul, baran gidan, Ziba, bai ma fara da sunansa ba. Ya ce akwai ɗan Jonatan, ya kuma ambaci ƙafafunsa. Haka duniya take gabatar da mutum.

Aka kawo shi. Ya faɗi rubda ciki, ya kwatanta kansa da mataccen kare. Ku ji irin sunan da mutum yakan ba kansa bayan shekaru na ɓuya. A Isra'ila ta wancan zamani, kamar a ƙasar Hausa, kare abin zagi ne, balle matacce. Amma kalma ta fari da ta fito daga bakin Dawuda ita ce sunan mutumin. Ya kira shi da sunansa, ya kwantar masa da hankali, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa, ya kuma ba shi wurin zama a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki.

Ku dubi ayar ƙarshe ta surar. Bayan dukan wannan alheri, marubucin ya sāke tuna mana cewa Mefiboshet gurgu ne. Ba a warkar da shi ba. Ubangijinmu Yesu ya tā da guragu, muna kuma gaskata yana da iko har yau. Amma ga mutum a cikin Littafi Mai Tsarki wanda alherin Allah ya same shi sarai, ƙafafunsa kuwa suka zauna yadda suke. Surar ta kuma gaya mana yana da ɗa, sunansa Mika. Ashe ya yi aure, ya yi gida. 'Yar'uwa, ɗan'uwa, idan ka sa hannu a takardar fiɗa, ba ka ƙaryata Allah ba, ba kuma an tashe ka daga teburinsa ba.

Alherin Dawuda yana da hannu da ƙafa. Ya ba da gona, ya ba da masu noma. Ikkilisiyar da ta yi wa mutum addu'a kafin fiɗa, ta kuma manta da shi bayan an sallame shi, ta yi rabin aiki. Damina za ta zo, wa zai yi masa gayya? Ƙafar roba takan bukaci gyara, yaro mai girma kuma sai an riƙa sāke masa wata, daga wane baiko za a biya? Matakalar ƙofar majami'armu, mai sanda biyu zai iya hawa? Zumuntar mata ta san gidan da aka daina fita. Matasa kuma, idan za ku yi kyauta ga masu aikin gona, takalmi mai ƙarfi yana hana ƙaya shiga, ba shi da tsada kamar maganin shekara guda.

Mu tuna da mutanen Sudan musamman, domin su ma, kamar mai renon Mefiboshet, sun ɗauki 'ya'yansu a guje. A 2022 rikici a jihar Shuɗin Nilu ya kori Hausawa da maƙwabtansu da yawa daga gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, cibiyar Soba ta rufe, daga baya aka tarar an wawashe ta an lalata ɗakunan gwajinta. A cibiyar nan ne tun 2017 aka gwada sabon magani, fosravuconazole, wanda ake sha sau ɗaya a mako maimakon kowace rana. A Disamban 2023 yaƙin ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, inda dubban mutane suka fake. Masu jinya da yawa maganinsu ya yanke a tsakiyar hanya.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka siffata ƙasusuwanmu tun muna ciki. Muna kawo maka manoman Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu, da duk wanda yake ɓoye kumburi a ƙarƙashin tufafinsa a daren nan. Ka ba shi ƙarfin hali ya nuna wa likita tun da sauran lokaci. Ka tsaya kusa da wanda aka ba shi ranar fiɗa, da matarsa, da mahaifiyarsa. Ka ba likitoci hikima da gaskiyar baki, ka buɗe hanyar magani ga waɗanda yaƙi ya raba su da shi, ka kawo salama a ƙasar Sudan. Ka nuna wa ikkilisiyarmu gonar da ba a nome ba da ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.