Wanda Ya Tsufa A Baƙunta, Nauyin Wa Ne?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, 2 Sama'ila 19:31-39

 Yau za mu yi nisa da gida kaɗan, mu je Abijan a ƙasar Kodebuwa, domin akwai wata tambaya da ke jiranmu a can.

In ka sauka a tashar motocin Adjamé, ka ratsa Plateau, ka haye gadar Houphouët-Boigny zuwa Treichville, ka shiga kasuwar Belleville, ba za ka daɗe ba sai ka ji ana ciniki da Hausa. Mutanen Tawa da Maraɗi, na Sakkwato da Kano, sun daɗe suna zuwa garin nan neman abinci, musamman bayan da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 gari ya bunƙasa. Wani ya zo da niyyar cin rani ɗaya, ya yi dako, ya yi gadi, ya kafa teburin tsire. Rani ɗaya ya zama shekara arba'in. Da guminsa aka rufe ɗaki da kwano a ƙauye, aka aurar da ƙanne, aka sayi hatsi a shekarun fari. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, hawan jini ya kama shi, kuɗin haya kuma bai san tsufa ba.

To, wannan dattijo nauyin wa ne?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce, na 'ya'yansa ne. Haka ne, babu musu. Amma ɗaya yana Libiya, ɗaya yana Legas, 'yar kuma tana gidan miji a wata unguwa mai nisa. Suna turo kuɗi ta waya in sun samu, Allah ya sa musu albarka. Sai dai kuɗin waya ba ya ɗaga tsoho daga tabarma ya kai shi bayan gida da tsakar dare, ba ya kuma lura cewa tun jiya bai taɓa tuwonsa ba. Ɗan da ya turo kuɗi ya yi abin kirki, amma kada ya kwanta yana cewa ya gama.

Wasu kuma su ce na gwamnati ne. Duniya dai ta yi magana a kan wannan. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. A 2002 ƙasashe suka taru a Madrid suka tsara shiri a kan tsufa, a 2016 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi, sa'an nan aka ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma nan da 2050 za su kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Kodebuwa ma ta kafa dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa a 2014, wadda ake kira CMU, ana biyan sefa 1,000 a wata, wato jika guda. Duka wannan abin godiya ne. Amma dattijonmu bai taɓa karɓar albashi ba balle fansho, Faransancinsa na kasuwa ne, takardunsa kuma wataƙila sun ɓace a rikicin 2011. Kafin doka ta iso ɗakinsa, sai an sami wani mai ƙafa da ya riƙe hannunsa ya kai shi ofis, ya tsaya masa a layi.

Irin wannan ya taɓa faruwa a ikkilisiyar farko a Urushalima. Ana raba abinci kowace rana ga gwauraye mata, amma sai aka riƙa tsallake na Yahudawa masu jin Helenanci, wato waɗanda harshensu da tashinsu na ƙasashen waje ne. Littafin bai ce an yi haka da mugunta ba. Sau da yawa baƙo ba ƙinsa ake yi ba, mantawa ake yi da shi, gama ba shi da wanda zai ambaci sunansa a inda ake rabo. Manzanni ba su ce wa matan nan su nemi danginsu ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin, sunayen bakwai ɗin nan kuwa duka na Helenanci ne. Sun ɗora masu jin harshen matan a kan tukunya. Ni a ganina amsar tambayarmu tana nan: tsohon da ya tsufa a baƙunta nauyin wanda ke kusa da shi ne, wanda ke jin harshensa, wanda ke jin tarinsa ta bayan bango. Yawancin dattawan Hausawa na Abijan Musulmi ne, na sani. Maƙwabtaka ba ta tambayar wannan kafin ta kawo ruwan zafi.

Akwai kuma amsa ta uku, wadda ta fi kama da tausayi, ita ce kuwa ta fi ba ni tsoro. A tara kuɗin mota a mai da shi gida. Wani dattijon abin da yake roƙo ke nan dare da rana, a yi masa. Amma wani in ya koma, tsararsa sun rasu, jikokin 'yan'uwansa ba su san fuskarsa ba, asibiti kuma tafiyar yini ce. Abokan hirarsa, mai shayinsa, bencin da yake zama a kai da yamma, duka suna Treichville. Mu tambayi zuciyarmu da gaskiya, don hutunsa muke sa shi a mota, ko don namu?

Dubi yadda sarki Dawuda ya yi da Barzillai mutumin Gileyad. Dattijon nan mai shekara 80 ya ciyar da sarki a Mahanayim lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da mulki ya dawo, Dawuda ya so ya tafi da shi Urushalima ya riƙe shi a fada. Barzillai ya ƙi. Ya ce harshensa ya daina rarrabe ɗanɗano, kunnensa ya daina jin mawaƙa, shi dai a bar shi ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Sarki ne fa, yana da ikon ya nace, niyyarsa kuma mai kyau ce. Bai nace ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya bar shi ya tafi inda ransa yake so.

Abin mamaki, masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun iso kusa da wannan. A wurinsu tsufa cikin lafiya ba rashin ciwo ba ne kawai, shi ne tsoho ya ci gaba da iya yin abin da yake da daraja a gare shi, har da yanke shawara a kan rayuwarsa. Ga Barzillai, komawa gida ne. Ga wani dattijo a Belleville, wataƙila a taimaka masa ne ya fito bakin kasuwa da hantsi, ya zauna kusa da teburin da ya bar wa yaronsa, masu wucewa su ce, Baba ina kwana, shi kuma ya gyara wa yaron lissafi.