Daren da Madaki Auwa ta hana a ɗaura sirdi

Da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya rasu a 1499, ya bar ganuwa da aka faɗaɗa, ya bar Kasuwar Kurmi tana ci, ya bar gidan sarautar da har gobe ake kira da sunansa. Ya kuma bar matarsa Madaki Auwa, uwar Abdullahi wanda ya gaje shi. Auwa ta daɗe a cikin gida tana jin yadda ake ƙulla magana da kwance ta a fada, har ta san mai gaisuwa don Allah da mai gaisuwa don a ga ya zo.

Abdullahi mayaƙi ne. Ya kwashi dawakin Kano ya nufi Katsina, ya yi sansani wata huɗu a Tsagero, daga nan ya juya Zazzau. Birni ya rage sai tsofaffi da mata da 'yan kasuwa, sai kuma Dagaci.

Gidan Dagaci asalinsa Barno ne. Na farkonsu ya zo zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, da dawakinsa da tutocinsa. Aka sauke shi a Ɗorayi, aka girmama shi, har Dauda ya bar masa riƙon gari da zai tafi yaƙi. Tun daga nan gidan ya yi ta kauri, dukiya da barori da 'yan cin arziki. Da Dagacin zamanin Abdullahi ya waiwaya ya ga fada babu mai ita, sai zuciya ta fara raya masa abin da take rayawa.

Magana ta fara fitowa daga bakin rijiya da rumfunan Kurmi. Fatake masu zuwa ta hanyar gabas, wajen da a yau Taura da Ringim suke, suka ce sun sha gamuwa da manzanni suna sukuwa Barno da dare. Wata rana bayan lisha, sai ga manyan bayin sarki sun faɗi gaban Auwa. Babbansu ya ce ranta ya daɗe, wuta tun tana ƙarama ake kashe ta. Ya ce suna da 'yan dawaki a barga, ta ba da izini kawai, kafin asalatu za a kawo mata rawanin Dagaci.

Auwa ta yi shiru, har fitila ta nemi mai. Sannan ta tambaye shi mutum nawa ne ke cin tuwo a ƙofar Dagaci. Ya ce ba su ƙirguwa. Ta tambaye shi ko dukansu ne suka san abin da ake ƙullawa. Ya ce a'a, yawancinsu ciki ne ya kai su. Ta ce to in aka zubar da jini a daren nan, gobe kowane ɗayansu yana da gawar da zai rama wa, kuma ɗanta zai dawo ya tarar da unguwa tana yaƙar unguwa. Ta ce kada wanda ya ɗaura sirdi. Bayin suka fita ransu a ɓace, wani ma yana gunaguni cewa tsoro ne irin na mata.

Washegari ta sa aka buɗe rumbunan fada, aka ɗora tukwane tun hantsi. Ta aika wa Dagaci akussan tuwo da gaisuwa, tana tambayar lafiyar iyali. Sannan ta shiga kiran masu unguwanni da malamai da manyan 'yan kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa haɗa biyu ba. Ba ta ambaci tawaye ga kowa ba. Wannan ta tuna masa rigar da Rumfa ya sa wa ubansa, wancan ta tambaye shi labarin ɗansa da ke sansani tare da sarki. Kowa ya fito yana zaton shi kaɗai ne asirinsa ya tonu, yana kuma zargin maƙwabcinsa. Zauren Dagaci ya fara raguwa da dare, ranar da aka sa wa tawaye ta yi ta matsawa, har aka jiyo tamburan Abdullahi a bayan ganuwa.

Maganar ba ta mutu nan take ba. Sarkin Barno ya taso da runduna ya sauka kusa da Kano. Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙasƙantar da kai, Sarkin Barno ya juya gida ba a yi yaƙi ba. Da ƙura ta lafa, Abdullahi ya lallaɓa Dagaci har ya saki jiki, sannan ya tuɓe shi ya naɗa bawansa a sarautar.

Auwa ta ga sarautar jikanta Muhammadu Kisoki, wanda ya hau a 1509, ana jin maganarta a fada tare da ta ɗan'uwanta Guli. Kisoki ya rasu a 1565, lokacin Auwa ba ta nan. Guli ya tuɓe Sarki Yakufu wanda ya gaji Kisoki, Galadima Sara Katuniya ya ce bai yarda ba, kowa ya ɗaura sirdi. Aka kwana arba'in ana yaƙi a cikin birnin Kano kafin Galadima ya kashe Guli. Da aka je wa Yakufu da maganar ya koma gadonsa, sai ya ce ya yafe, ya tattara littattafansa ya koma cikin malamai.